Fiyanon da zai ɗauki kalangu

Warin ƙonewar waya na fara ji kafin in gane abin da ya faru. A watan Disambar 2023 ne, muna tsakiyar kiɗa a wani ɗakin taro a nan Kano, amarya ta taso da ƙawayenta ana ta liƙi, sai aka ɗauke wuta. Yaron da ke kula da janareta ya tayar, fitilu suka yi wani irin haske fau kamar za su fashe, sannan suka daidaita. Sifikoki suka dawo, makirufo ya dawo, fiyanona bai dawo ba. Na danna maɓallin kunnawa ya fi sau goma. Da na kai hannu kan adafta sai na janye da sauri, ta yi zafi kamar dutsen guga. Da tafi da wata ganga ta aro mawaƙin da nake wa kiɗa ya ƙarasa daren, ni kuwa ina zaune a bayan fiyano da hannu biyu a kan cinya.

Yamaha PSR-S550 ne, shekara tara yana wurina, kuma ni ma a hannu na saye shi. Washegari mai gyara ya buɗe cikinsa ya nuna mini inda ya yi baƙi ƙirin, ya ce ko an samo wani allon aka sa, kuɗin zai kusa kai na wani fiyanon na hannu. Akwai nawa sakacin a ciki. Adaftarsa ta asali ta daɗe da lalacewa, na sayi wata mai araha a kasuwa, kuma kai tsaye nake jona ta a soket duk inda muka je, ba sitabilaiza ba komai. Abu ɗaya da na yi daidai shi ne duk kiɗan da na haɗa da hannuna cikin shekarun nan suna ajiye a filash, wanda ke rataye tare da mukullin gidana.

Ga wanda bai san irin wannan fiyano ba, ba shi ne wanda ake danna madanni ɗaya ya fitar da sauti ɗaya shi ke nan ba. An raba madannansa gida biyu. Hannun dama yana kaɗa waƙar, da muryar sarewa ko goge ko duk wadda ka zaɓa. Hannun hagu kuwa umarni yake bayarwa: ka danna kod, wato 'yan madannai da ake dannawa tare, sai ganguna da bes da jita da sauran kayan kiɗa su bi ka a kan wannan kod ɗin, ka canza su canza. Wannan tsararren kiɗan da ke bin ka shi muke kira sitayil. Mutum ɗaya a zaune, amma kunne yana jin kamar mutum shida. Da irinsa aka yi kiɗan finafinan Hausa masu ɗimbin yawa tun ƙarshen shekarun 1990, shi ya sa ma ake ce wa salon kiɗan fiyano, kuma da irinsa mu masu kiɗan biki muke ciyar da iyali.

Ina cikin wani adashe da nake sa ran ɗauka a watan Maris, kuma da ma niyyata in canza fiyano da kuɗin. Sai dai lissafin da na yi a farkon 2023 ya riga ya rushe. Tun da aka saki naira a watan Yunin shekarar kayan waje suke ta hawa, zuwa Fabrairun 2024 dala ta haura naira 1,500. Ka tambayi kuɗin fiyano ranar Litinin, ka koma ranar Alhamis a gaya maka wani daban, mai shago ya ce bari ya fara jin yadda aka tashi a kasuwar canjin kuɗi ta Wapa. Kafin kuɗin su zo dole na shiga haya, kowane biki in karɓo na wani in biya kuɗin kwana daga cikin abin da aka sallame mu. Ya ci mini rai sosai a lokacin. Amma cikin wata ukun nan hannuna ya taɓa fiyano kala biyar a gaban jama'a, a cikin hayaniya da zafi da ƙura, abin da tsayuwar minti goma a shago ba za ta taɓa nuna maka ba.

Wanda zuciyata ta daɗe tana so shi ne PSR-SX900. Genos, babban yayansa a jerin Yamaha, ban ma sa shi a lissafi ba, wannan na manyan situdiyo ne, kuma ba shi da sifika a jikinsa. SX900 kuwa na haddace lambobinsa kamar karatun allo: muryoyi 1,337, sitayil 525, allo mai inci bakwai da ake taɓawa da yatsa, ga na'urar da ke ƙara wa mawaƙi 'yan amshi daga muryarsa. Ranar da na samu hayarsa daga wani situdiyo a titin gidan Zoo, da ƙyar na yi barci. Kuma gaskiya sautinsa ya kai. Jitarsa har ƙarar zamewar yatsa a kan tsirkiya kana ji.

Bayan kwana biyu na je gaida maigidana, wanda ya koya mini sana'ar, na zauna ina ta zuba masa labari. Ya bar ni na gama tsaf, sannan ya ce, "To madalla. A daren nan, sitayil nawa ka kaɗa?"

Na ƙirga a yatsu. Na ce, "Shida, Maigida."

"A cikin shidan, nawa ne na kamfani?"

Na yi shiru. Ko ɗaya babu. Duk daga filash ɗina na ɗauko su, waɗanda na haɗa a tsohon fiyanon da ya ƙone. Ya ce, "Ka je ka samo takarda, ka rubuta abin da kake yi da fiyano daga lokacin da ka sauke shi a adaidaita sahu zuwa lokacin da ka mayar da shi jaka. Abin da ka rubuta shi za ka saya. Sauran na kwali ne."

Na rubuta, kuma bai cika rabin shafi ba. Ina loda kiɗana daga filash. Ina gyara su ko in haɗa sabo idan mawaƙi ya zo da sabuwar waƙa. Ina ɗaga murya ko in sauke ta idan maƙogwaronsa ya gaji. Ina tsallakawa daga wannan waƙa zuwa waccan ba tare da kiɗa ya tsaya ba, don da zarar ka tsaya mata sun koma kujera, liƙi ya mutu. Ina jona shi da mikisa. Ina ɗaukar sa a kafaɗa in hau bene. A ƙasan takardar na ƙara abin da ban taɓa samu ba amma nake mafarkinsa: kalangu na gaskiya a cikin fiyano. Shekara tara ina ɗauko gangunan Latin Amurka da ke ciki, in sauke muryar wannan in ɗaga ta wancan, har su yi kama da namu. Kama ce kawai. Duk wanda ya tashi a unguwar mahauta yana ji zai san ba shi ba ne.

Da wannan takarda na shiga Sabon Gari.

Na farko da aka ɗora mini a tebur PSR-E473 ne, kuma ya kusa tafiya da ni. Sabo fil a kwali, kuɗinsa wajen kashi ɗaya cikin uku na wanda na saya daga baya, ga canji mai kauri zai rage mini. Muryoyi 820, sitayil 290, yana da wurin sa makirufo, nauyinsa kilo bakwai. Abin da ya fi jan hankalina shi ne yana aiki da batir shida irin na tocila ƙarama. Mutumin da janareta ya ƙona wa fiyano a gaban amarya, ka ce masa ga wanda ba ruwansa da wuta, ai ka gama da shi. Mai shagon, wani Inyamuri da Hausa ta zauna a bakinsa, ya ce, "Oga, wannan shi ne ake ɗiba yanzu, coci da makaranta duk shi suke saye."

Na roƙe shi ya bar ni in sa filash ɗina. A nan abin ya fito fili. Kowane sitayil da na haɗa yana da hawa huɗu, A da B da C da D. A na lokacin da mawaƙi yake gaisuwa da kirari, ganga ɗaya da bes a hankali. B idan ya shiga baiti. C idan aka fara tasowa. D kuwa na lokacin da fili ya cika, komai ya buɗe. E473 hawa biyu kawai yake da su, A da B. Wato rabin aikina ya ɓace, kuma rabin da ake liƙi a kansa. Sannan ba shi da ɗakin haɗa sitayil daga tushe irin wanda na saba da shi. Yana iya ɗaukar ɗan gajeren sauti ka sa a maɓalli, amma wannan daban, gina kiɗa daban. Ga mai koyo, ko mai raka waƙa da kiɗan da kamfani ya shirya, fiyano ne mai kyau ƙwarai, kuma shi zan saya wa ɗana idan ya isa. Ni dai da na saye shi da na koma baya.

Akwai kuma wata lamba da ba a cika rubuta ta da manyan baƙaƙe ba, alhali ta fi yawan muryoyi muhimmanci: sauti nawa fiyanon zai iya fitarwa a lokaci guda. Na E473 64 ne, na jerin SX 128. Mutum zai ce yatsu goma gare ni, me zan yi da 64? Amma sitayil ɗaya na Yamaha layi takwas ne: ganguna biyu, bes, kod biyu, shimfiɗa ɗaya (dogon sautin da ke kwance a ƙarƙashin kiɗa) da ado biyu, kowanne yana cin rabonsa. Ka haɗa murya biyu a hannun dama, kowane madanni ya zama biyu, wata muryar ma ita kaɗai sauti biyu ko uku ce aka ɗora. Ka taka feda sautukan su ƙi mutuwa. Idan adadin ya cika, fiyanon ba ya gaya maka, sai dai ya yanke sautin da ya fi daɗewa a ɓoye. Na taɓa jin haka a wani ƙaramin fiyano na haya, shimfiɗar tana ɗaukewa tana dawowa kamar rediyo mai raunin batir.

Casio CT-X5000 na gwada shi a shago na gaba. Sifikokinsa suna da ƙarfi na mamaki, wat 30 kowane ɓangare, zai riƙe ƙaramin tsakar gida ba tare da an jona komai ba. Ban daɗe a kansa ba, don ba ya cikin abin da abokan aikina ke riƙewa.

Korg ne ya ba ni wahalar yanke shawara. Wani abokina da ke kiɗa a Kaduna yana da Pa700, na hau mota takanas na je na kwana biyu a wurinsa. Kamfanin na Japan ne, amma wannan jerin a Italiya ake tsara shi, kuma akwai wani nauyi a gangunansa da bes ɗinsa da na ji har cikin ƙirji. In sautin ganga kaɗai za a bi, shi kunnena ya zaɓa. Abin da ya raba mu ba laifinsa ba ne. Sitayil ɗin Yamaha ba ya buɗuwa a Korg kai tsaye, tsarinsu daban. Aikin shekara tara sai in zauna in sake gina shi ɗaya bayan ɗaya. Bayan haka, kusan duk makaɗan da nake hulɗa da su a Kano Yamaha ne a hannunsu. Idan mawaƙi ya kira ka da la'asar ya ce da daddare zai yi wata waƙa da ba ka da kiɗanta, ta WhatsApp wani zai turo maka, ka sa a filash ka ɗan gyara. Idan naka ya samu matsala ana gobe biki, na maƙwabci za ka ara ka sa filash ɗinka ka ci gaba. Masu gyaran da na sani su ma cikinsa suka fi sabawa da shi. Abokina ya ce, "Kai dai tsoron sabon abu kake." Wataƙila akwai wannan. Amma shi a situdiyo yake yini, ni kuwa a fili nake, inda ba a ce wa uwar amarya a dakata.

Ya kuma nuna mini hoton irin waɗanda aka yi don kiɗan Larabawa da Turkawa, Pa700 Oriental da PSR-A5000, masu maɓallan da ke sauke sauti da rabin rabi don ya hau ma'aunin waƙarsu. Masu ƙasida da ke bin salon Masar za su more su. Waƙoƙin da nake rakawa yawanci a kan sauti biyar suke yawo, kod biyu ko uku sun ishe su, ƙarfinsu yana cikin ganga. Na wuce.

Daga nan sai maganar na hannu. Wani dillali ya kira ni ya ce an kawo PSR-S770 daga kasuwar Alaba ta Legas, tsaf kamar ba a taɓa shi ba, kuma kuɗinsa daidai aljihuna. Wannan fiyano ne babba a zamaninsa, ya fito a 2015, kuma duk abin da ke takardata yana yi. Na tafi da hedfon da tocila da filash. Maigidana ya koya mini yadda ake duba na hannu, kuma na bi shi daki-daki. Ka zaɓi muryar fiyano zalla, ka kashe duk wani amo, ka bi madannai 61 ɗin ɗaya bayan ɗaya, kowanne sau biyu: a hankali kamar kana taɓa jariri, sannan da ƙarfi. A ƙarƙashin kowane madanni akwai 'yar roba mai tuntuɓa biyu, tazarar lokacin da ke tsakanin taɓawar farko da ta biyu ita ke gaya wa fiyanon ƙarfin bugunka. Idan ƙura ta shiga ko robar ta gaji, sai madannin ya riƙa ihu ko ka lallaɓa shi, ko ya yi gum. A wannan na samu uku a tsakiya, daidai inda hannun dama ke yini, suna ihu. Wannan gyara ne mai sauƙi, bai kore ni ba. Na bi maɓallan sama, na Start da na A zuwa D sai an danne su da ƙarfi, alamar sun sha aiki. Sannan na kifa shi na haska tocila. Kawunan sukurorin duk sun cinye, biyu ma ba irin sauran ba ne, ga wani farin tabo a gefen ramin filash kamar inda ruwa ya taɓa kwanciya ya bushe. Na jijjiga filash ɗin kaɗan yana cikin karanta kiɗa, sai ya yanke. Adaftar da aka haɗo da shi kuma ba tasa ba ce.

Dillalin ya ce, "Haba Malam, ai kayan hannu sai da haƙuri, zan rage maka." Na ce masa, "Allah ya kawo kasuwa." Ramin filash shi ne ƙofar da duk abincina ke shigowa ta ciki. Ba na cewa kada a sayi na hannu, ni ma na ci shekara tara da shi. Amma wanda aka buɗe aka rufe ba a san sau nawa ba, ba waranti, ba rasit, a lokacin da ba ni da kuɗin saye na biyu, ban iya ba. Wani abin lura ga mai sayen na waje: a duba rubutun jikin adafta. Wutarmu 230 ce, ta Amurka 120, ta Japan 100. Wata adaftar tana karɓar duka, wata ba ta karɓa, kuma sau ɗaya ake kuskuren.

Saura biyu: SX600 da SX700, ƙannen SX900. A kansu na yi sati biyu ina juyi a shimfiɗa.

SX700 yana da allon taɓawa mai inci bakwai, madannansa sun fi daɗin hannu, kana iya haɗa murya uku a dama, kuma wurin ajiye sababbin sautuka megabayit 400 ne. SX600 allonsa inci 4.3 ne, da maɓalli ake sarrafa shi, murya biyu ake haɗawa, wurin ajiyarsa megabayit 100. Amma duka biyun 128 suke fitarwa, duka suna da hawa huɗu, duka suna da Style Creator inda ake haɗa kiɗa daga tushe, duka suna da maɓallan rajista takwas da ke riƙe maka sitayil da murya da gudun kiɗa da hawan murya, ka taɓa ɗaya komai ya juya. Abin mamaki ma, ƙaramin ya fi yawan sitayil na kamfani, 415 a kan 400, wanda ya ƙara nuna mini wannan lambar ba ita ce ma'auni ba. Nauyi kuma: kilo 8.1 da kilo 11.5. A takarda kilo uku ba komai ba ne. A kafaɗa, ƙarfe ɗaya na dare, a bene hawa biyu, ga jakar wayoyi a ɗaya hannun, wani abu ne.

Megabayit 100 ɗin ne ya tsaya mini a rai, don a nan kalanguna zai zauna. Sai wani ƙanena da ya karanta kwamfuta ya zauna da ni muka yi lissafi a bayan ambulan. Sauti mai ingancin faifan CD, layi ɗaya, yana cin wajen kilobayit 88 a daƙiƙa, wato megabayit biyar da ɗoriya a minti. Bugun kalangu ɗaya bai kai daƙiƙa ba. Ko na ɗauki bugu 200 daban-daban, na kalangu da kotso da duma da ƙwarya da shantu, ban cinye megabayit 20 ba. Ya ce, "Yaya, masu neman 400 su ne masu loda manyan muryoyin goge da fiyano na ƙasashen waje. Kai ganga za ka zuba, wannan ɗaki ya yi maka yawa ma." Wannan lissafin ne ya yanke hukunci.

Akwai kuma abin da na koya da tsada: kuɗin fiyano ba kuɗin fiyano kaɗai ba ne. Da na tattara komai na kai wa SX700, da na dawo gida da shi tsirara, in sake jona shi a soket ɗin ɗakin taro kamar yadda na yi wa na baya. Da SX600 kuwa ragowar ta isa sitabilaiza, da jaka mai soso, da ƙafar ɗorawa mai ƙarfe biyu, da feda, da mayafin rufe shi saboda ƙurar hunturu. Mai ɗakina ma da na nuna mata lissafin cewa ta yi, "Wanda zai bar mana na cefanen azumi shi ne mai kyau." Ta fi ni gaskiya.

A cikin azumi na saye shi, ƙarshen Maris, lokacin da ba biki. Dala ta fara sauka a makonnin, amma 'yan kasuwa suka ce su da tsada suka sayo, don haka ragin da na samu kaɗan ne, bayan ciniki na kusan awa guda da baki a bushe. Na ce a buɗe kwalin a gabana. Na gwada lambar da ke jikin kwali da wadda ke ƙarƙashin fiyanon, suka zo ɗaya, na sa aka rubuta ta a rasit. Na duba adafta, PA-300C ce mai bolt 16, da sunan kamfanin a jiki. Na bi madannai 61 ɗin kamar yadda na yi wa na hannu, duk da yaran shagon suna kallona. Sannan na sa filash na kira kiɗan da na fi kaɗawa, na danna D. Wani mai ɗaukar kaya da ke wucewa ya tsaya a bakin ƙofa da buhu a ka yana gyaɗa kai. Na biya.

Aikin da ya fi daɗe mini a rai ya zo bayan haka. Akwai wani dattijo makaɗin kalangu a unguwarmu, tun ina yaro nake ganin sa a bikin mahauta. Na je na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa abin da nake so: ya zo situdiyo ya buga mini, bugu ɗaya-ɗaya, in ɗauka in zuba a fiyano. Ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya ce, "Yaro, wato ka ɗauki hannuna ka sa a akwati, gobe a kira ka a bar ni a gida." Ban da amsar da zan ba shi, don gaskiya ya faɗa. Irin fiyanon da nake riƙewa ya rage wa irinsu aiki, kowa ya sani. Na ce, "Baba, ba zan yi maka ƙarya ba, haka ne. Amma in ban sa naka ba, na Latin Amurka zan ci gaba da sawa, yara su tashi suna zaton shi ne kalangu." Ya ce in ba shi kwana biyu. A na uku ya aiko jikansa ya ce in sa rana, kuma ya faɗi kuɗinsa, na biya ban nemi ragi ba.

Bayan sallar tarawihi muka yi. Ya rataya kalangun a kafaɗa, ya matse tsarkiya a hammata ya buga, ya saki ya buga, ya tsaya tsaka-tsaki ya buga, kowanne a hankali da kuma da ƙarfi. Ya yi wanda ake bugawa sannan a matse, sautin ya hau, da wanda ake saki ya gangaro. Da muka ce ya isa, sai ya ce a'a, akwai na yatsun hagu da ke taɓa fata tsakanin bugu da bugu, in babu shi kiɗan ba zai yi gishiri ba. Ni ban ma san da shi ba, alhali shekara talatin ina jin sa. Muka ɗauka.

Sauran aikin na kwamfuta ne, da manhajar Yamaha Expansion Manager. Ana fitar da wani ɗan fayil daga fiyanon wanda ke gabatar da shi ga manhajar, a yanka sautukan a jera kowanne a madanninsa, a ɗaure su a ƙunshi ɗaya, a mayar ta filash a loda. Sau uku muna sakewa, don a karon farko mun bar ɗan shiru a gaban kowane bugu, sai gangar ta riƙa makara a bayan bes. Daga nan na bi tsofaffin kiɗana ina cire gangunan aro ina sa na Baba. Na kuma ɗauki guɗar wata gwaggona na sa a ɗaya daga cikin maɓallan gefe guda huɗu, amma a bikin farko na cire ta. Maguɗiya tana tsaye a fili da hannu a hanci, bai dace akwati ya riga ta ba.

Bikin farkon sati ɗaya bayan ƙaramar Sallah ne, kamu a wani gida a cikin gari. Sitabilaiza na fara jonawa, na jira allurarta ta tsaya, sannan na kunna. Allon yana wahalar gani idan rana ta haske shi, sai da na kare shi da kwali, kuma har yanzu idan ina gyaran sitayil da maɓalli nakan tuna allon taɓawar da na bari a shago. Da na shiga C, wata tsohuwa da ke zaune a kan tabarma ta ɗago kai tana waige-waige, ta tambayi yarinyar da ke kusa da ita ina makaɗin yake.

Na kai wa Baba abin da na ɗauka a waya a wannan rana. Ya saurara har ƙarshe, ya ce sautin nasa ne, amma ba ya magana. Kalangu yana kiran sunan mutum, ya yi masa kirarin gidansu, ya amsa wa mawaƙi a take, nawa kuwa abin da aka zuba masa yake maimaitawa. Tun daga lokacin, duk bikin da kuɗinsa ya kai, nakan ce a sa da shi. Ina kashe layin kalangu a sitayil ɗin in bar bes da sauran, shi ya tsaya a damana da makirufo a gaban fata. Asabar mai zuwa ma muna da wani a Gwale, ya ce in biyo masa da adaidaita ƙarfe huɗu.